WASAN KWAMFUTA BA TARE DA FAƊA BA: NAZARI A KAN MYST

Gabatarwa

A ƙarshen shekarar 1993 aka fitar da wasu wasannin kwamfuta guda biyu a ƙasar Amurka, waɗanda masu nazarin tarihin wannan fanni ba su daina ambatonsu ba. Na farko shi ne Myst, wanda ya fito a watan Satumba, na biyu kuma Doom, wanda ya biyo baya a watan Disamba. A cikin Doom mai wasa yana riƙe da bindiga ne, dodanni suna taso masa ta ko'ina, kuma nasararsa ta dogara ga saurin hannunsa. A cikin Myst kuwa babu makami, babu abokin gaba, babu agogon da ke ƙirga wa mutum lokacin ƙarewar wasa, kuma ba a mutuwa. Duk da haka an sayar da Myst fiye da kwafi miliyan 6, ya kuma riƙe matsayin wasan kwamfutar da ya fi kowane sayuwa har zuwa shekarar 2002, lokacin da wani wasa mai suna The Sims ya sha gabansa.

Wannan ya jawo tambayar da za a yi ƙoƙarin amsawa a wannan darasi. Idan aka cire faɗa da tsoron mutuwa daga cikin wasa, mene ne zai zaunar da mutum gaban kwamfuta na tsawon awoyi? Amsar da maƙeran Myst suka bayar ita ce son sani, wato wannan ɗabi'a da ke sa yaro ya kwance rediyo don ya ga mai magana a ciki. Za a ga cewa wasan ya yi ƙarfi a wuraren da lura da tunani suke kai mutum ga amsa, ya kuma yi rauni a wuraren da lura ba ta wadatar ba, sai dai juriya kawai.

Asalin Wasan

Wasu 'yan'uwa biyu, Rand Miller da ƙanensa Robyn Miller, su ne suka ƙirƙiri Myst a ƙarƙashin ɗan ƙaramin kamfaninsu mai suna Cyan, da ke yankin Spokane a jihar Washinton. Kafin wannan lokaci sun yi wasannin yara, irin su The Manhole na shekarar 1988 da Cosmic Osmo na shekarar 1989, waɗanda a cikinsu yaro ke yawo yana taɓa abubuwa yana ganin abin da zai faru, ba ci ba faɗuwa. A shekarar 1991 suka fara aikin yin irin wannan wasa domin manya, da tallafin kuɗi daga kamfanin Sunsoft na ƙasar Japan. Aikin ya ɗauke su kimanin shekara biyu. Kamfanin Brøderbund ne ya fitar da wasan, da farko a kan kwamfutar Macintosh, sa'an nan a 1994 a kan kwamfutoci masu amfani da Windows.

Labarin wasan a taƙaice shi ne, wani baƙo da ba a faɗi sunansa ba ya tsinci wani littafi, da ya ɗora hannu a kan shafinsa sai ya tsinci kansa a wani tsibiri wanda babu kowa a cikinsa. Mai wasa shi ne wannan baƙo. A ɗakin karatun tsibirin akwai littattafai biyu, ja da shuɗi, kuma a cikin kowanne an tsare mutum guda. Sirrus yana cikin jan, Achenar yana cikin shuɗin, dukkansu 'ya'yan wani mutum ne mai suna Atrus, wanda ya iya rubuta littattafan da ke kai mutum wasu duniyoyi. Kowannensu yana cewa ɗan'uwansa ne mai laifi, yana kuma roƙon a kawo masa shafukan littafinsa da suka ɓata don ya fito. Shafukan suna warwatse a duniyoyi huɗu, masu suna Channelwood da Stoneship da Mechanical da Selenitic. Aikin mai wasa shi ne ya gano hanyar shiga kowace duniya, ya gano hanyar dawowa, daga ƙarshe ya yanke hukuncin wanda zai gaskata.

Kwamfutar 1993 da Iyakarta

Ba za a fahimci siffar Myst ba sai an san irin na'urar da aka yi shi dominta. A wancan lokaci yawancin wasanni suna zuwa ne a kan ƙananan faifan maganaɗisu, wanda kowanne ke ɗaukar megabayit 1.44 na bayanai. Faifan sidi kuwa yana ɗaukar kimanin megabayit 650, wato fiye da abin da ƙananan faifai 450 za su ɗauka. Wannan yalwa ce ta ba 'yan'uwan damar zuba hotuna kimanin 2,500 a cikin wasan, tare da sauti da gajerun finafinai.

Sai dai faifan sidi yana da yalwa amma ba shi da sauri. Na'urar karanta sidi ta farko tana karanta kimanin bayit 153,600 ne a cikin daƙiƙa guda. Ga wani ɗan lissafi da zai nuna matsalar. Allon kwamfuta na lokacin yana da ɗigo 640 a kwance da 480 a tsaye, jimla ɗigo 307,200 ke nan. Idan ana son cikakken launi, kowane ɗigo yana buƙatar bayit 3, hoto guda zai ci bayit 921,600, kuma karanta shi zai ɗauki daƙiƙa 6. Idan aka taƙaita launukan zuwa 256, kowane ɗigo bayit 1 ya ishe shi, sai lokacin ya sauko zuwa daƙiƙa 2. Saboda haka aka yi hotunan Myst da launuka 256, aka kuma matse su don su ƙara ƙanƙancewa. Har ila yau an jera hotunan wuraren da ke maƙwabtaka da juna kusa da kusa a jikin faifan, don kada idon na'urar ya ɓata lokaci wajen nema.

Kwamfutar gida ta lokacin ba za ta iya zana irin waɗannan hotuna nan take ba, domin hoto guda yakan ɗauki awoyi kafin ya kammala. Dole aka zana su tun da farko aka adana. Wannan ya sa tafiya a cikin Myst ta zama sauyin hoto ne kawai. Mai wasa ya danna linzamin kwamfuta a kan hanya, sai hoton da ke gabansa ya gushe, wani ya maye gurbinsa. A irin wannan tsari babu yadda za a yi dodo ya kori mutum da gudu. Ashe ke nan rashin faɗa a Myst ya samo asali daga abu biyu, wato ra'ayin maƙeransa tun daga wasanninsu na yara, da kuma iyakar na'urar da ke hannunsu.

Inda Wasan Ya Yi Ƙarfi

Abu na farko shi ne, tunda ba a mutuwa, kuskure ba shi da tsada. Mai wasa yana iya murɗa kowane makunni, ya ja kowane hannun inji, ya ga sakamako, ya sake gwadawa. Wannan shi ne tsarin binciken kimiyya, wato a lura, a yi hasashe, a gwada, a rubuta abin da aka gani. Maƙeran sun san haka, shi ya sa suka sanya wani littafi marar rubutu a cikin kwalin wasan domin mai wasa ya riƙa rubuta abin da ya gano.

Abu na biyu, kuma mafi muhimmanci, shi ne mafi kyawun matsalolin wasan sun ginu a kan yadda abubuwa suke aiki a zahiri. Misalai uku za su wadatar.

A tsibirin farko akwai wani kumbo wanda ƙofarsa ba ta buɗewa sai an kai masa wutar lantarki mai ƙarfin bolt 59 daidai. A wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa akwai maɓallai goma, kowanne yana tayar da janareta mai ba da wani adadi na ƙarfin wuta. Idan jimlar ta wuce 59, sai na'urar katse wuta ta yanke layin, kamar yadda fiyus yake yi a gida idan kaya suka yi wa waya yawa, kuma dole mai wasa ya fita ya hau turken wuta ya mayar da ita. Mai gaggawa zai yi ta danne-danne yana hawa turke yana sauka. Mai natsuwa kuwa zai danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta abin da kowanne ya ƙara, sa'an nan ya zauna da alƙalami ya nemo waɗanda jimlarsu ta ba da 59.

A duniyar Stoneship akwai wata hasumiyar haska wa jiragen ruwa hanya, wadda ruwa ya cika gindinta. A can ƙasa akwai akwati a kulle, makullinsa kuma yana sama ɗaure da sarƙa, ba ya kaiwa ƙasa. Akwatin ya nutse ne saboda cike yake da ruwa. Hanyar ita ce a zuƙe ruwan hasumiyar da famfo, a sauka a buɗe bawul ɗin da ke jikin akwatin ruwansa ya tsiyaye, a rufe bawul ɗin, sa'an nan a bar ruwa ya sake cika hasumiyar. Akwatin da yanzu iska ce a cikinsa sai ya taso har inda makullin yake. Wanda ya manta bai rufe bawul ba zai tarar akwatin ya sake shan ruwa yana ƙasa. Wannan ita ce ƙa'idar da ake danganta wa masanin nan na Girka, Arkimidis, cewa ruwa yana tura abin da aka tsoma a cikinsa sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture.

A duniyar Channelwood kuwa, injin da iska ke juyawa yana turo ruwa cikin bututu, bututun ya rarrabu zuwa injuna daban-daban masu ɗaga gada ko ɗaga mutum zuwa saman itatuwa. A kowace mararraba akwai bawul mai karkatar da ruwan dama ko hagu. Babu wani rubutu da ya bayyana wannan. Mai wasa yana bin bututun da ido, yana kuma sauraren ƙarar ruwa a cikinsa, har ya gane cewa injin da ya ƙi tashi ruwa ne bai kai gare shi ba.

A cikin waɗannan misalai uku amsar tana nan a fili, kuma wanda ya same ta ya san dalilin da ya sa ta zama amsa. Daɗin da mai wasa ke ji a nan irin wanda ɗalibi ke ji ne idan gwajinsa ya yi daidai da lissafinsa.

Abu na uku shi ne yadda ake ba da labari ta hanyar kayan ɗaki. A uku daga cikin duniyoyin huɗu akwai ɗakunan da 'yan'uwan biyu suka zauna. Na Sirrus cike suke da zinariya da kayan ƙawa, na Achenar kuma da makamai da kayan azabtarwa. Babu wanda ya gaya wa mai wasa halin kowannensu. Shi ne zai kwatanta abin da suka faɗa da bakinsu da abin da ya gani da idonsa, kuma gani ya kori ji. Wanda ya lura da kyau zai gane cewa babu na gaskatawa a cikinsu. Idan ya saki ɗaya daga cikinsu, shi ne zai maye gurbinsa a cikin littafin. Kyakkyawan ƙarshe yana ga wanda ya nemo wani farin shafi ya kai wa mahaifinsu Atrus ta cikin wani koren littafi da ke ɓoye.

Inda Wasan Ya Yi Rauni

Rauni na farko ya shafi matsalolin da ba su ba mai wasa isasshiyar hujja ba. Fitaccen misali shi ne hanyoyin ƙarƙashin ƙasa na duniyar Selenitic, inda mai wasa ke tuƙa wata 'yar mota a kan dogo, yana zaɓen alƙibla a kowace tasha. Akwai sautin da ke nuna alƙiblar da ta dace, amma an fi saurin gane ma'anar sautukan idan an riga an je duniyar Mechanical, inda irinsu ke nuna gabas da yamma da kudu da arewa. Tunda wasan bai tilasta wa kowa bin duniyoyin a jere ba, mutane da yawa sun isa wannan wuri ba su san ma sautin yana da ma'ana ba, suka koma zana taswira tasha bayan tasha, aikin da ke cin lokaci ba tare da ya koyar da komai ba.

Rauni na biyu yana da alaƙa da na farko, wato dogaro ga ji. Kafin a shiga Selenitic sai an saurari sautuka biyar a jikin piyano da ke cikin kumbon nan, a kuma daidaita wasu maɓallai biyar su ba da sautukan daidai. Kurma, ko wanda kunnensa ba ya bambance hawa da saukar sauti sosai, zai sha wuya ƙwarai a nan, ko da kuwa ya fahimci abin da ake so. A nan abin da aka gwada baiwar jiki ce, ba tunani ba.

Rauni na uku shi ne kai-da-kawo. Mai wasa ba ya iya ɗaukar shafi fiye da ɗaya a lokaci guda. Tunda a kowace duniya akwai jan shafi da shuɗi, wanda ke son jin ta bakin 'yan'uwan biyu sai ya je kowace duniya sau biyu, ya maimaita abin da ya riga ya warware. Maƙeran sun rage wannan wahala da wata dabara da ke ba mutum damar tsallakawa zuwa wurin da ya taɓa zuwa, amma maimaicin yana nan.

Rauni na huɗu ya fito ne kai tsaye daga cire faɗa. A wasan faɗa, ko mutum ya rasa hanya yana da abin yi, kuma yana ganin hannunsa yana ƙara ƙwarewa. A Myst wanda ya maƙale ya maƙale ke nan. Zai yi ta zagaya tsibiri shiru, ba wanda zai tambaya, ba kuma alamar ko ya kusa ko ya yi nisa. Ga kuma duniyar da ba ta motsi sosai, abin da ya sa masu suka suka kwatanta wasan da majigin hotuna marasa rai. Mutane da dama sun sayi wasan saboda kyawun hotunansa, suka ajiye shi ba su kai ƙarshe ba.

Rauni na biyar shi ne wasan ba ya maimaituwa. Babu wani ƙarfi ko makami da ake tarawa a Myst, abin da ke buɗe ƙofofi sani ne kawai. Wanda ya riga ya san inda farin shafin yake, ya kuma san alamar da ke buɗe hanyar koren littafin, zai iya gama wasan a cikin 'yan mintoci ba tare da ya taka ko ɗaya daga duniyoyin huɗu ba. Wannan shaida ce cewa an gina wasan a kan ilimi tsantsa, amma kuma yana nufin daɗinsa na karo ɗaya ne, kamar kacici-kacicin da aka riga aka ji amsarsa.

Abin da Ya Biyo Baya

A shekarar 1997 aka fitar da ci gaban labarin mai suna Riven a kan faifan sidi biyar, inda aka ƙara saka matsalolin cikin rayuwa da al'adun mutanen duniyar wasan. A shekarar 2000 aka fitar da realMyst, wanda a cikinsa kwamfuta ke zana hoto nan take, mai wasa yana tafiya yadda ya ga dama. A 2020 da 2021 aka sake gina wasan gaba ɗaya, har aka sanya zaɓin sauya amsoshin matsalolin domin wanda ya haddace na da. A 2012 Gidan Adana Kayan Fasahar Zamani na birnin New York ya sanya Myst cikin wasanni 14 na farko da ya adana.

Wasu maƙeran sun bi wannan tafarki. Gone Home na 2013 ya ɗauki dabarar ba da labari ta kayan ɗaki. The Witness na 2016 ya koma ga tsibiri marar mutane mai cike da matsaloli. Outer Wilds na 2019 ya sanya mai wasa cikin wata 'yar ƙaramar tawagar duniyoyi masu kewaya rana, ranar tana fashewa bayan kowane minti 22 a koma farko, ba abin da mutum ke tsira da shi sai abin da ya sani. Wannan wasa ya magance ɗaya daga raunin Myst, domin akwai kundi a cikin kumbon mai wasa da ke adana abin da ya gano, yana kuma nuna masa wuraren da bai gama bincikawa ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa wasan bincike marar faɗa ya ɗora dukkan nauyinsa a kan ingancin tambayoyin da yake yi wa mai wasa. Inda tambayar ta fito daga aikin ruwa ko lantarki, kuma aka shimfiɗa hujjojinta a gaban ido, Myst ya zama ɗakin gwaji mai daɗin zama. Inda aka ɓoye hujja a wani wuri mai nisa, ko aka jingina amsa ga kaifin kunne, sai ya zama wahala. Malamin kimiyya zai iya amfani da matsalar janareta da ta akwati a cikin aji ko da babu kwamfuta, domin ta farko allo da alli kawai take buƙata, ta biyu kuma bokitin ruwa da gwangwani mai murfi. Ya kamata kuma malami ya san cewa ko da yake ba a faɗa a wasan, ɗakunan Achenar suna ɗauke da abubuwan da za su iya tsorata ƙananan yara.

Tambayoyi

1. Kawo dalilai biyu da suka sa babu faɗa a cikin Myst.

2. Hoto yana da ɗigo 320 a kwance da 240 a tsaye, kowane ɗigo bayit 1. Daƙiƙa nawa na'urar da ke karanta bayit 153,600 a daƙiƙa za ta ɗauka kafin ta karanta shi?

3. Bayyana dalilin da ya sa akwatin Stoneship ba zai taso ba idan aka bar bawul ɗinsa a buɗe.

4. Janareta biyar suna ba da bolt 3 da 6 da 11 da 14 da 20. Waɗanne za a haɗa a sami bolt 37 daidai? Hanya nawa ce?

5. Ba da shawarar yadda za a gyara matsalar piyano domin kurma ya iya warware ta.